Yadda Ake Zubin Ƙananan Kayan Roba Masu Nauyin Miligiram

A cikin wayar hannu, da agogo, da na'urar taimaka wa ji da ake sanyawa a kunne, da alƙalamin allurar insulin na masu ciwon sukari, akwai 'yan ƙananan kayan roba waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganin fasalinsu sosai. Hanyar yin su, a tushenta, ita ce wadda masana'antun roba na Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano suke bi wajen yin bokiti da kujera da kwando: a narkar da roba, a ɗura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, a bari ta daskare, sannan a buɗe mazubin a fitar da abin da aka zuba. John Wesley Hyatt da ɗan'uwansa Isaiah sun yi rajistar injin farko na wannan aiki a Amurka a shekarar 1872, kuma a 1946 James Watson Hendry ya ƙera wanda ke narkar da roba da sukuru mai juyawa a cikin bututu, tsarin da mafi yawan injuna suke kai har yau.

Bambancin yana wajen awo. Ana kiran abu ƙaramin zubi idan nauyinsa bai wuce 'yan miligiram ba, ko kuma idan yana ɗauke da ramuka da haƙora da layuka da ake aunawa da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum yakan kasance tsakanin maikiron 50 da 100. Domin bayanin ya tsaya a kan abu guda, za a ɗauki misalin ƙaramar giya, wato ɗan faifai mai haƙora da ke juya ɗan'uwansa a cikin ƙaramin injin lantarki, mai faɗin milimita 2 da kaurin rabin milimita, wadda za a zuba da wata roba mai tauri da santsi da ake kira POM. Girmanta kimanin milimita kubik 1.5 ne, nauyinta kuwa wajen miligiram 2. Ƙwayar roba guda ɗaya daga cikin buhu, wadda nauyinta yakan kai wajen miligiram 20, ta isa a yi irin wannan giya goma.

Abin da ya kamata mai son wannan aiki ya riƙe tun farko shi ne cewa a irin wannan ƙanƙanta roba tana neman daskarewa tun kafin ta cika gurbinta. Idan aka rage kaurin bango sau goma, lokacin daskarewarsa yana raguwa ne wajen sau ɗari, ba sau goma ba. Bangon milimita 2 da ke ɗaukar daƙiƙa goma kafin ya yi tauri, idan aka mayar da shi milimita 0.2, bai fi kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa zai ɗauka ba. Kusan duk ƙa'idojin da za su biyo baya, daga zafin mazubi zuwa gudun ɗura da fitar da iska, daga wannan matsala suka fito.

Zane da zaɓen roba

Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, mai zane da maƙerin mazubi da mai kula da inji suna bukatar zama tare su amsa tambayoyi uku da suka shafi ƙarshen aikin: ta yaya abin zai fita daga mazubi ba tare da ya lanƙwashe ba, da me za a ɗauke shi, kuma da wace na'ura za a auna shi. A babban zubi ana iya barin waɗannan tambayoyi sai daga baya, domin bokiti ba ya ɓacewa a ƙarƙashin inji, kuma ana iya auna shi da hannu. A ƙaramin zubi kuwa, duk awon da aka rubuta a takardar zane alhali babu hanyar tabbatar da shi, rigima ce aka ajiye tsakanin mai yi da mai saye. A ganina gara a rage yawan wuraren da aka tsaurara awonsu zuwa biyu ko uku waɗanda aikin giyar ya dogara a kansu, kamar faɗin ramin tsakiya da siffar haƙori, a sassauta sauran.

A zanen, a yi ƙoƙari kaurin bango ya zama kusan ɗaya ko'ina, domin inda siriri ya haɗu da mai kauri, roba takan bi mai kaurin ta bar siririn, kuma kafin ta dawo kansa ya riga ya daskare. A guji kusurwa mai kaifi, a ba kowane bango ɗan karkata na rabin digiri zuwa digiri ɗaya ko biyu domin sauƙin fita, sai dai inda aiki ya hana, kamar haƙoran giya.

Roba kuwa ana zaɓen ta ne bisa aikin da abin zai yi da kuma yadda take kwarara idan ta narke. POM, wadda ake sayarwa da sunaye irin su Delrin da Hostaform, tana da santsi da juriyar guga, shi ya sa ta zama robar giya. LCP tana kwarara cikin bango mai siranta ƙwarai, kuma da ita ake yin mafi yawan ƙananan mahaɗan lantarki na cikin waya da kwamfuta. PEEK tana narkewa a digiri 343, tana jure zafi da sinadarai, ana amfani da ita a kayan asibiti, amma tana bukatar mazubi mai zafin digiri 160 zuwa 200. PC da PMMA da COC garai-garai suke, don haka su ne na ƙananan gilasan kyamara da farantan gwajin jini masu siraran magudanai. Robar da aka cakuɗa da zaren gilashi ta fi ƙarfi, sai dai kaurin zaren yakan wuce maikiron 10, kuma yana iya tokare ƙofar gurbi ko ya kasa shiga bakin haƙori, ban da cin ƙarfen mazubi da yake yi. Kada a zaɓe ta sai idan babu makawa.

Busar da roba wajibi ne ga yawancin waɗannan. PC tana bukatar digiri 120 na awa uku zuwa huɗu har danshinta ya sauka ƙasa da kashi 0.02 cikin ɗari, PEEK tana bukatar digiri 150 na kimanin awa uku, POM kuwa ta fi sauƙi, digiri 80 zuwa 100 na 'yan awoyi ya ishe ta. Takardar bayanin da kamfanin robar ya bayar ita ce abin bi. Akwai wani tarko a nan wanda ya keɓanta da ƙaramin zubi: tunda injin ba ya cin fiye da 'yan gomman giram a awa, robar da aka busar da safe aka zuba a buɗaɗɗen mazurari za ta sake shan danshi kafin azahar. Saboda haka a ɗora ƙaramar na'urar busarwa a kan injin kai tsaye, a riƙa zuba kaɗan-kaɗan.

Ƙera mazubi

Mazubi ne ke yanke hukuncin nasarar aikin, kuma shi ne ke cinye mafi yawan kuɗi da lokaci. Faranti biyu ne na ƙarfe da ke haɗuwa, a tsakaninsu akwai gurbi mai siffar abin da ake so, da magudanar da roba ke bi daga bakin inji, da 'yar ƙofar da ke haɗa magudanar da gurbin. An fi so a sassaƙa gurbin a jikin wani ɗan guntun ƙarfe dabam da ake cusawa cikin faranti, domin idan ya lalace ko aka so gyara awo, shi kaɗai za a sake. Ƙarfen ya zama mai tauri, marar tsatsa, mai laushin ƙwaya, domin ƙarfe mai manyan ƙwayoyi yakan ɓantare a bakin siririn haƙori.

Hanyoyin sassaƙa gurbi suna da yawa, kuma siffar abin ce ke zaɓa. Akwai sassaƙa da inji mai juya ɗan bakin yanka da faɗinsa ke sauka har milimita 0.1 ko ƙasa da haka, a gudun juyi dubu arba'in zuwa sittin a minti. Akwai cin ƙarfe da tartsatsin lantarki, ko dai da siririyar waya ko da wani ƙarfe mai siffar gurbin da ake nutsarwa a hankali. Akwai hasken leza. Ga siffofin da suka fi ƙarfin waɗannan duka, akwai hanyar LIGA da aka ƙirƙiro a cibiyar binciken nukiliya ta Karlsruhe a Jamus a farkon shekarun 1980, inda ake zana siffar da haske a kan wata roba mai jin haske, sannan a gina ƙarfen nikel a kanta ta hanyar lantarki. Ga giyarmu, waya ce ta fi dacewa, tunda siffar haƙoran ɗaya ce daga sama har ƙasa. Sai dai waya zagayayya ce, don haka wadda kaurinta ya kai milimita 0.03 ba za ta iya fitar da kusurwar da lanƙwasarta ta gaza maikiron 15 ba, ban da ɗan ratar da tartsatsin ke ci. Wannan iyaka ce da ya kamata mai zane ya sani kafin ya zana bakin haƙori.

Roba tana tsukewa idan ta huce, kuma POM tana cikin masu tsukewa da yawa, wajen kashi 2 cikin ɗari, alhali PC ba ta wuce kashi 0.5 zuwa 0.7 ba. Ke nan giyar milimita 2 tana bukatar gurbi mai faɗin kimanin milimita 2.04. Wannan ƙarin na maikiron 40 ya ninka sassaucin awon da mai saye zai yarda da shi, wanda zai iya zama maikiron 10 sama ko ƙasa, kuma adadin tsukewar da ke cikin takardar kamfani an auna shi ne a kan babban samfuri, ba lallai ya yi daidai da ƙaramin abu ba. Dabarar maƙera ita ce su bar ƙarfe a inda ake shakka: a fara yanka gurbin ya ɗan gaza, ƙusar da ke fitar da ramin tsakiya kuma ta ɗan fi kauri, a yi zubin gwaji, a auna, sannan a rage ƙarfen zuwa awon gaskiya. Rage ƙarfe abu ne mai sauƙi, mayar da wanda aka riga aka cire kuwa sai an sake sabon guntu.

Ƙofar gurbi takan kasance tsakanin 'yan gomman maikiron da kashi biyu ko uku cikin goma na milimita. Idan ta yi ƙanƙanta da yawa za ta daskare kafin gurbin ya cika, idan ta yi girma za ta bar tabo da ya kai girman haƙori. A giya ana sanya ta a fuska, kusa da tsakiya, cikin ɗan lotsawa domin ragowarta kada ta ɗago, ba a jikin haƙora ba. Yawan gurabe kuma abin lura ne. Kwaɗayin riba yakan sa a nemi gurbi goma sha shida ko talatin da biyu, amma kowane ƙarin gurbi yana tsawaita magudana, kuma bambancin maikiron biyar tsakanin ƙofa da ƙofa ya isa ya sa wani gurbi ya cika ya tumbatsa alhali wani bai kai rabi ba. Gurbi biyu ko huɗu, masu magudanai daidai wa daida a tsawo da kauri, sun fi zama mafari na hankali.

Gurbin da ake gani kamar wofi cike yake da iska, kuma idan roba ta shigo da gudu iskar ba ta sami mafita ba, sai ta matsu ta yi zafi har ta ƙona bakin robar, ko ta tsaya a ƙarshen haƙori ta hana shi cika. Ana sassaƙa mata mafita a inda roba ke isa daga ƙarshe, mai zurfin 'yan maikiron zuwa wajen 20 gwargwadon robar, yadda iska za ta wuce amma roba ba za ta bi ta ba. LCP, saboda saurin kwararanta, tana bukatar mafi ƙanƙantar mafita. Inda hakan bai wadatar ba, ana zagaye gurbin da zoben roba mai toshe iska, a zuƙe iskar da famfo bayan mazubi ya rufe, kafin a ɗura.

Farantan biyu dole su haɗu daidai cikin 'yan maikiron a kowane rufi, don haka ba a dogara da sandunan jagora kaɗai, ana ƙara makullai masu tsini da ke shiga juna. Zafi ma yana da hannu a nan, domin ƙarfe mai tsawon milimita 100 yana miƙewa da kimanin maikiron ɗaya a kowane digiri, ke nan bambancin digiri biyar tsakanin faranti biyu ya isa ya gusar da rabin giya daga ɗaya rabin. Fitarwa kuma ana tsara ta tun a nan: allurar turowa mai kaurin milimita 0.3 tana lanƙwashewa ko ta huda abin da take turowa, shi ya sa ga giya aka fi son ɗan zobe da ke turo fuskarta gaba ɗaya, tare da goge bangon gurbin ta fuskar da abin zai fita.

Zaɓen inji

Mutane da dama sukan ɗauka cewa ƙaramin injin zubi na yau da kullum zai wadatar idan aka rage adadin robar da yake ɗurawa. Lissafi kaɗan zai nuna inda gizo ke saƙar. Sukurun da ke narkar da roba ba ya sauka ƙasa da kimanin milimita 12 zuwa 14 a faɗi, domin sai ramukansa sun iya ɗaukar ƙwayar roba mai girman wajen milimita 3, kuma idan ya fi haka siranta zai karye. Sukurun milimita 14 da ya matsa gaba da milimita ɗaya tak yana tura milimita kubik 154 na roba, wato abin da ya isa giya ɗari. A ɗauka mazubinmu mai gurbi huɗu ne, giyoyin sun ci milimita kubik 6, magudanar ta ci 60. Duk tafiyar sukurun ba za ta kai rabin milimita ba, kuma a cikin wannan 'yar tafiya ake so ya tashi, ya kai cikakken gudu, ya tsaya daidai, alhali zoben da ke hana roba komawa baya shi kansa yana ɗan zubarwa kafin ya rufe.

Maganin da masu ƙera injuna suka samo shi ne raba aikin biyu: sukuru ya narkar da roba kawai, sannan wani siririn fistin ya ɗura ta, kamar yadda sirinji ke tura ruwan allura. Fistin mai faɗin milimita 5 yana tura milimita kubik 19.6 ne kacal a kowace milimita, don haka zubin da ke sama zai ba shi tafiyar fiye da milimita 3, wadda ake iya sarrafa ta da kyau. Injin MicroPower na kamfanin Wittmann Battenfeld da ke Ostiriya a kan wannan tsari yake, haka ma injunan Sodick na Japan, shi kuwa Arburg na Jamus yana haɗa sukurun narkarwa da wani siririn sukurun ɗura mai faɗin milimita 8. An fi son injin da lantarki ke tuƙa shi gaba ɗaya, saboda saurin amsa umarni da rashin man da zai ɓata ɗaki.

Akwai dalili na biyu na guje wa babban inji, wato daɗewar roba a cikin bututu mai zafi. Idan bututun yana riƙe da giram 10, kowane zubi kuma yana cin kashi ɗaya cikin goma na giram a duk daƙiƙa shida, robar za ta yi minti goma tana dahuwa kafin ta fita, kuma wannan ya isa ya raunana yawancin robobi. Ga POM abin ya wuce rauni, domin idan ta daɗe ko zafinta ya haura wajen digiri 230 tana rushewa ta saki iskar fomaldihaid mai yaji a ido da maƙogwaro. Kada kuma a taɓa bari ta haɗu da ragowar robar PVC a bututu ɗaya, domin haɗuwarsu cikin zafi tana iya jawo fashewa.

Saita inji da zubin gwaji

A fara da ɗumama mazubi, a kuma ba shi lokaci har ma'aunin zafin da ke kusa da gurbi, ba wanda ke jikin hita ba, ya tsaya cak. Ga POM ana sa mazubi tsakanin digiri 80 da 120, kuma a ƙaramin zubi ɓangaren sama na wannan iyaka ake nufa, domin ƙarfe mai zafi ne ke jinkirta daskarewa. Narkakkiyar robar tana tsakanin digiri 190 da 220 gwargwadon nau'inta. Ƙarfin damƙe mazubi kada ya wuce bukata: idan faɗin giyoyin da magudanarsu bai fi santimita murabba'i ɗaya ba, matsin bar 1,000 a cikin gurbi (bar shi ne ma'aunin matsi) yana neman buɗe mazubin da ƙarfin kimanin tan ɗaya ne kawai, kuma damƙa mai yawa tana murƙushe mafitar iska da aka sha wahalar sassaƙawa.

Bayan an wanke bututu da sabuwar roba, sai a kashe matsin riƙewa, wato matsin da ke biyo bayan ɗura, gaba ɗaya, a ɗura adadin da aka san ba zai cika gurbi ba, a duba a ƙarƙashin madubi, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Waɗannan ragaggun zubi suna nuna hanyar da roba ke bi, da gurbin da ke riga sauran cika, da inda iska ke maƙalewa, kuma ya kamata a jera su a ajiye. Idan aka kai inda gurabe suka cika kashi 95 zuwa 98 cikin ɗari, nan ne wurin da inji zai sauya daga ɗura da gudu zuwa riƙewa da matsi. A saita sauyin bisa wurin da fistin ya kai, ba bisa lokaci ba, domin cikar gurbin gaba ɗaya tana faruwa ne cikin ɗan ɓangare na daƙiƙa. Gudun ɗura yakan kai ɗaruruwan milimita a daƙiƙa, matsin kuma yana iya haura bar 2,000, domin gudu yana sa roba ta tsinke ta kwarara, kuma gogayyarta a ƙofa tana ƙara mata zafi. Amma gudun da ya wuce kima yana ƙona ta ko ya tsinka ƙarfinta, saboda haka a tsaya a mafi ƙanƙantar gudun da ke cika haƙora a kowane zubi.

Daga nan sai a kunna matsin riƙewa, wanda aikinsa shi ne ƙara tura roba domin cike gurbin da tsukewa ke bari. Ana gano tsawon lokacinsa da sikeli: a riƙa ƙara lokacin ana auna nauyin giyoyin ba tare da magudana ba, inda nauyin ya daina ƙaruwa, ƙofa ta daskare ke nan, kuma duk ƙarin lokaci bayan haka magudana kawai yake cikawa. A ƙananan ƙofofi wannan yakan faru kafin daƙiƙa ɗaya. Idan duk an gwada haƙora suka ƙi cika, akwai hanyar zafafa fuskar gurbi zuwa kusa da zafin da roba ke laushi kafin kowace ɗura, sannan a sanyaya ta kafin a buɗe. Tana fitar da siffa tsaf, amma tana tsawaita kowane zagaye, don haka sai an rasa wata mafita ake komawa gare ta.

Aibobin da ake gani suna faɗin dalilinsu ga mai lura. Haƙorin da bai cika ba yana nuna sanyin mazubi, ko ƙarancin gudu, ko iskar da ta maƙale. Siririn leɓen roba a layin haɗuwar faranti yana nuna matsi ya yi yawa, ko ƙura ta shiga tsakanin farantan, kuma leɓen maikiron 10 da ba wanda zai kula da shi a jikin kujera ya isa ya tsayar da giya. Baƙin tabo a ƙarshen haƙori ƙunar iska ce, farin zane-zane a fuska danshi ne, lanƙwasa kuwa yawanci daga turowa ne tun abin bai gama tauri ba. A canja abu ɗaya a lokaci guda, a zubar da zubin farko-farko bayan kowane canji har zafi ya daidaita, a kuma rubuta komai. Magudanar da ke cinye kashi tara cikin goma na robar takan jawo sha'awar niƙa ta a sake amfani da ita. Ga abin da awonsa ya tsananta ko na asibiti, ba a yin haka.

Ɗauka, awo da kula da mazubi

Abu mai nauyin miligiram 2 ba ya faɗowa daga mazubi da kansa yadda babba ke yi, domin wutar da guga ke tarawa a jikin roba ta fi nauyinsa ƙarfi, sai ya manne a faranti, ko ya yi tsalle ya ɓace, ko mafi muni ya tsaya a bakin gurbi mazubi ya rufe a kansa. Ana ɗauke shi da hannun inji mai ɗan bakin zuƙa, ana busa iskar da ke kashe wannan wuta, kyamara kuma tana duba cewa kowane gurbi ya zama wofi kafin a sake rufewa. Abin da ya fito daga kowane gurbi a tara shi dabam, domin idan gurbi na uku ya fara ɓaci ba sai an zubar da na sauran ba. Busasshiyar iska tana ƙara wannan mannewa, don haka wanda zai kafa irin wannan aiki a inda hunturu ke kawo ƙura da bushewa yana bukatar rufaffen ɗaki mai tace iska da daidaita danshi, da wutar lantarki da ba ta yankewa. Kayan asibiti ana zuba su a ɗaki mai daraja ta 7 ko ta 8 a ma'aunin ISO 14644-1, inda daraja ta 7 ba ta yarda da fiye da ƙwayar ƙura 352,000 masu girman rabin maikiron zuwa sama a kowace mita kubik ta iska ba.

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki kam bai sani ba, haka ma ma'aunin hannu na makanikai, wanda ke matse abin da yake aunawa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce na'urar awo ta iya rarrabe kashi ɗaya cikin goma na sassaucin da aka yarda da shi, ke nan sassaucin maikiron 10 yana bukatar na'urar da ke ganin maikiron ɗaya. Ana amfani da madubin awo mai kyamara wanda ba ya taɓa abin, ga siffofin ciki kuma akwai hoton CT irin na masana'antu, wanda ke nuna cikin abu ba tare da an fasa shi ba. Sikelin ya zama mai karanta kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram ko ƙasa da haka. Ana yin awo a ɗaki mai digiri 20, wanda shi ne zafin da ƙa'idar ISO 1 ta tsayar domin awon tsawo, kuma ba a auna POM da zarar ta fito, domin tana ci gaba da tsukewa har kwana ɗaya zuwa biyu. Awon da za a kafa hujja da shi wajen gyara gurbi shi ne na bayan wannan lokaci.

POM tana barin wani farin dasashi a mafitar iska da bakin gurbi, kuma alamarsa ta farko ita ce haƙoran da suke cika jiya su fara gazawa yau ba tare da an taɓa saitin inji ba. A cire guntun gurbin a wanke shi a kwanon wanki mai girgiza ruwa da sauti, a busar da shi da tatacciyar iska, a duba shi a ƙarƙashin madubi kafin a mayar. Kada a kusanto shi da burushin waya ko tsinken ƙarfe, kuma idan wani abu ya maƙale a ciki a ciro shi da tsinken katako ko na tagulla mai laushi. Idan za a tsayar da inji fiye da 'yan mintoci, a rage zafin bututu ko a fitar da robar da ke ciki, idan kuwa tashi za a yi, a wanke bututun da robar PE, wato irin wadda ake yin leda da ita, kafin a kashe hita, a shafa wa fuskar mazubi maganin tsatsa marar maiƙo, sannan a rufe shi ba tare da damƙa ba.